Ranar da Mota Ta Bar Pengo a Gidan Mai

Duk wanda ya taɓa zuwa wasan 'Yan Tsatsa ya ga Pengo, ko da bai san sunansa ba. In ka hango wani gajeren mutum mai tumbi a gefen dandamali, da gajeren wando da tocila a baki, yana miƙa wa mawaƙi jita, to shi ne. Kelvin Pengilly ne a fasfo, amma ko uwarsa sai da ta gaji ta koma kiransa Pengo. Ni kuwa Narelle, ni ce matar bakin ƙofa mai sayar da rigunan ƙungiya, wadda ake cewa ba ta ragi ko da uwarta ce ta zo saye. Shekara goma sha wani abu muna mota ɗaya da shi, har na fi sanin minsharinsa a kan na mijina.

A garin Whyalla aka haife shi, layinsu ɗaya da Brenton Szabo, mawaƙinmu. Iyayensu maza duk a masana'antar ƙarfe suka ƙare ƙarfinsu. Tare yaran suka shiga makaranta, tare suka riƙa gudu daga aji, tare suka samo wata tsohuwar jita ta lantarki a kasuwar gwanjo. Brenton ya koyi kaɗa ta, Pengo ya koyi kwance ta. Shi da bakinsa yake cewa, "Ni yatsuna na sukundireba ne, ba na tsirkiya ba." Da aka kafa ƙungiya a garejin su Brenton, ba wanda ya ɗauki Pengo aiki. Shi ne dai mai motar kawunsa ta dakon kifi, kuma tun daga ranar da ya loda lasifikoki a cikinta bai sake sauka ba.

Shekarun farko ba su da daɗin faɗa. Hanyar Nullarbor, ka yini kana tafiya ba ka ga itace ba, motar tana ƙarnin kifi, kowa yana zagin kowa. Gidajen giya na garuruwan ma'adinai, inda in waƙa ba ta yi wa mutane ba sai su gaya maka da gwangwani. Tabon da ke girar Pengo a Kalgoorlie ya samo shi, Brenton aka jefa wa kwalba, shi kuwa ya tara goshi. Matarsa Lorraine ta yi haƙuri iya haƙuri, ran da za ta tafi ta ce masa, "Ka je ka auri Brenton, ai shi kake kwana da tashi da shi." Ya ba mu labarin yana dariya, amma sai da ya yi mako bai ci abincin kirki ba.

Daga baya abin ya karɓu. Waƙoƙi suka shiga rediyo, aka fara kiranmu Turai duk shekara. A can ba motar kifi, bas ake hayar mana mai gadaje hawa-hawa, kowane gado da labulensa, direba kuma baƙo ne, bai san fuskar kowa ba. Mu masu aikin dare ne, da rana muke barci, kuma ɗaga labulen mai barci daidai yake da neman faɗa. To yaya direba zai san an cika in an tsaya shan mai? Pengo ne ya kawo dokar. Kowa yana da katin aiki mai hotonsa da yake ratayawa a wuya. In za ka sauka, ko fitsari ne, sai ka cire katin ka ajiye a kan kujerar direba. Direba ba ya zama a kan katin mutum. In ya dawo ya ga kujera wayam, kowa na ciki ke nan, sai ya tayar.

Dokar tana da wutsiya, kuma ita Pengo ya fi so. "Wanda mota ta bari, shi ya bar mota," in ji shi. Ba a juyawa don kowa. Ka nemi hanyarka, in kuma ba ka iso kafin a haɗa kaya ba, ka nemi jirgin gida. Mai gangarmu ya taɓa mantawa a Sifen, ya biyo mu a bayan motar lemo, Pengo ya shekara yana kiransa Ɗan Lemo. Wani mai fitilu ya manta, bai iso ba, aka sallame shi, Pengo bai ko ɗaga kai ba. A kan wannan dokar ba ya wasa.

Abin da ya ci shi kunne ne. Ka shekara ashirin da ɗoriya kana tsaye da kanka jikin lasifika, ai dole. Na hagu ya mutu murus, na dama yana ta ƙugi kamar firji. Aikin hannunsa bai ragu ba, don da na'ura yake saita tsirkiya, amma kira ya fara wuce shi. Ka ce masa miƙo igiya, ya ce maka shi ma lafiya lau. Mu muna dariya, shi ma yana yi, sai dai dariyar ba ta kai ciki ba.

A wannan shekarar muka samu sabon manaja, Hamish Tolhurst, ɗan Sydney, mai farin takalmi da ba ya datti. Ni tun ganin farko jinina bai haɗu da nasa ba. Mutum ne da zai kira ka "abokina" sau uku a magana ɗaya kuma bai san sunanka ba. A wani wasan rana a Hamburg tsirkiyar Brenton ta tsinke a tsakiyar waƙa. Ya juya ya ƙwala wa Pengo kira, Pengo ya sunkuya yana naɗe igiya, bai ji ba. Brenton ya ƙarasa waƙar da gurguwar jita, jama'a ba su ma lura ba. Amma na ga Hamish ya lura, na ga kuma Pengo ya ga ya lura.

Washegari Pengo ya same ni ina ninke riguna.

"Narelle, so suke su ajiye ni, ko?"

"Wa ya isa? Dalla miƙo min kwalin can."

"Ni ba wani abu nake nema ba," in ji shi, da ƙarfi, don kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa. "Landan kawai. Su bar ni in kai shi Landan. Bayan nan in ya ce in huta, zan huta. Amma shi zai faɗa, ba mai farin takalmi ba."

Wasan Landan shi ne ƙarshen zagayen, kuma zaure mafi girma da aka taɓa ba mu. Tun suna gareji suke maganarsa. Na ce masa ya je ya tambayi Brenton kai tsaye, ya daina cin kansa. Ya je kuwa, a gabana, muna cin burodi a bakin mota. Brenton ya maƙale masa wuya da hannu, ya murza masa sanƙo.

"Kai tsoho, wane shege ne ya saka maka wannan a kai? Ni da kai ai sai dai a ɗauke mu a makara ɗaya. Wa zai jure warin silifas ɗinka in ba ni ba?"

"Warin bakinka dai," in ji Pengo. Ranar har waƙa na ji yana yi yana goge jitoci, muryar kamar ana jan kujera.

Ranar tafiya Landan da safe muka baro Beljiyam, za mu Calais mu hau jirgin ruwa. Na ji motar ta tsaya a wani gidan mai, na ji ƙofa ta buɗe, na juya na ci gaba da barcina. Ban farka ba sai a tashar jirgi, inda ake sauke kowa da fasfonsa a hannu. Muka fito muna miƙa muna hamma. Na duba ban ga Pengo ba, sai na koma na buga gefen gadonsa.

"Tashi, malalaci, Ingila na jiranka!"

Shiru. Na yaye labulen. Ga wayarsa, ga fasfonsa, ga rigar sanyinsa da takalmansa na aiki. Mutumin dai babu. Na kuwa san yadda yake sauka neman shayi: gajeren wando da silifas, kamar yana bakin teku a gida, ko da ƙanƙara ake yi.

Na yi kan direba, wani dattijo ɗan Folan mai suna Tadek. Ya dafa ƙirji. "Madam, na duba. Kujerata ba komai. Ni ba na zama sai na duba."

"Pengo ne fa! Pengo zai manta da kati? Shi ya kawo dokar!"

Hamish ya matso da muryarsa mai sanyi. "Narelle, abokiyata, kwantar da hankalinki. Abin ba daɗi, amma aiki ba zai tsaya ba. Akwai wani ƙwararre, Clive, yana jiranmu a Dover, inda jirgin zai sauke mu, zai riƙe jitocin."

Na tsaya na dube shi. "Yana jiranmu?"

"Eh, yana can."

"Yanzun nan na yaye labulen nan, Hamish. Ko wayarka ba ka ciro ba. Yaushe ka kira shi har ya baro Landan ya zo Dover?"

Ya kawar da kai. Mai ganga ya shiga duban takalminsa. Lallai ruwa ba ya tsami banza. Na juya wajen Brenton, yana jingine da mota da baƙin tabarau, hannu cikin aljihu.

"Brenton, ka ce a juya. Tafiyar ba ta da nisa, akwai wani jirgin anjima."

"Ba za mu kai a kan lokaci ba, Narelle."

"Pengo ne fa nake gaya maka. Yana can da silifas, ba waya, ba fasfo."

"Dokarsa ce," in ji shi, a hankali. "Shi zai fara cewa kada a juya."

Abin da na faɗa musu a wurin nan ba zai rubutu ba. Har ma'aikacin tasha sai da ya leƙo. Na ce musu an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, na ce wa Hamish Allah ya haɗa shi da daidai shi, na ce wa Brenton matsoraci, wanda ya bari baƙo ya shigo ya raba shi da ɗan'uwansa. Na tattara kayan Pengo a jaka, na ɗauki tawa, na wurga wa Hamish makullin akwatunan riguna a ƙirji. Ba wanda ya biyo ni. Wannan ma ban manta ba.

Kafin in samu mai babbar motar da zai koma ta wannan hanyar, kafin kuma in gane gidan man, la'asar ta yi. Yana nan. Yana zaune a benci a waje, yana fuskantar inda motoci ke shigowa, gwiwoyinsa sun yi shuɗi don sanyi. Matar shagon ta yafa masa wani bargo mai warin kare. Da ya gan ni ya miƙe, ya leƙa bayana.

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai. Sa wandon nan kafin ka mutu min a ƙasar mutane."

Ya sa wando, ya sa takalmi, ya ɗaure igiyar a tsanake. Sannan ya ce, "Na manta ne. Ban ajiye katin ba. Tsufa."

"To ina katin? Ba ya wuyanka."

"Wataƙila yana gado."

"Ni na kwashe gadon, Pengo. Har bawon gyaɗa na kakkaɓe. Babu kati."

Ya yi kamar bai ji ba, kuma da Pengo ba ka taɓa sanin na gaske da na gangan. Na daka masa labarin Clive a kunnen dama, na ce Hamish ne ya ɗauke katin, ko makaho ya shafa ya ji. Na ce ya tashi mu bi su, ko a ƙafa ne, mu shiga zauren nan ya tsaya a wurinsa mu ga wanda zai ture shi.

"Clive ya iya aiki," in ji shi. "Na san shi." Ya ninke bargon ya kai wa matar. Da ya dawo ya ce, "Doka doka ce, Narelle. Mu je gida."

Haka muka yi. A jirgin sama, tun daga Brussels har Adelaide, bai ce uffan a kan maganar ba. Ni ce na yi ta kuka don baƙin ciki, shi yana miƙo min tishu yana kallon wasan yara a talabijin ɗin kujera. A lokacin da ake buɗe ƙofar zauren Landan muna sama, na ga ya duba agogo, ya mayar da hannu ƙarƙashin bargo.

Ya koma Whyalla, gidan uwarsa da ta rasu. Ya buɗe ɗan shago a gareji, yana gyaran injin yankan ciyawa da jitocin 'yan makaranta. Ya sa na'urar ji a kunne, wadda yake kashewa in na fara surutu. Ran Asabar yana zuwa kamun ƙaguwa, ya dafa ya raba wa maƙwabta. Ni na kama aiki a wani gidan abinci a Port Augusta, ina leƙa shi lokaci-lokaci. Duk wanda ya tambaye shi yadda ya bar 'Yan Tsatsa, amsa ɗaya ce: "Na kafa doka, ta cinye ni." Sai a yi dariya, ni kuwa in ji kamar in fasa kofi.

Shekarun nan duka Hamish nake tsine wa. In na ƙona hannu a kicin, sunansa nake kira. Brenton kuwa na ajiye shi a matsayin rago, mai raunin zuciya, wanda aka ja da hanci. Har uzuri nakan ba shi a raina, in ce ai shahara tana mayar da namiji yaro. Yakan kira Pengo jefi-jefi su yi hirar ƙwallo, Pengo ya yini yana fara'a.

Bara 'Yan Tsatsa suka zo Whyalla, wasan rana kyauta a bakin teku, wai dawowa gida. Hamish ya daɗe da barinsu. Na ce ba za ni ba ko da ɗaure ni za a yi. Pengo ya ce in ban raka shi ba, wa zai riƙa gaya masa abin da ake cewa? Muka je da kujerunmu na ninkewa, muka zauna can baya kusa da mai sayar da soyayyen kifi. Garin duka ya fito. Brenton ya yi furfura, ya yi tumbi shi ma, amma muryar tana nan.

A tsakiyar wasa ya dakata, ya kare ido da hannu yana duban jama'a. "Ina Pengo? An ce min tsohon yana nan!" Mutane suka shiga nuna mu. "Ga shi can! Jama'a, wannan mutumin shi ya kafa mana dokar kati. Ya addabe mu da ita shekara da shekaru. Rannan a Beljiyam, ranar wasan da ya fi kowanne, wa kuke tsammani ya manta da nasa? Muka bar shi a gidan mai da silifas!" Wuri ya kaure da dariya da tafi, ana "Pengo! Pengo!" Brenton ya ɗaga masa gwangwanin giya, ya ce waƙa ta gaba tasa ce.

Pengo ya ɗaga hannu yana murmushi, sannan ya karkato min da kunnen dama. "Me ya ce?"

Na gaya masa, kalma bayan kalma, haƙorana a cije. Na ƙara da cewa, "Da yana da kunya da ya faɗi gaskiya, ya ce wancan munafukin Hamish ne ya sace katin."

Ganguna suka tashi, jita ta biyo. Pengo ya juyo gare ni. Da ya yi magana, da ƙarfi ya yi ta kamar kullum, amma kiɗa ya rufe, ni kaɗai na ji.

"Ki bar yaron nan Hamish ya huta haka. Yana barci a lokacin."

"Kamar yaya yana barci?"

"Ina layin biyan kuɗi, shagon duk gilashi ne. Na hango Brenton a cikin bas ya zo gaba, wajen direba. Ya ɗauki katin daga kujera, ya naɗe igiyar, ya sa a aljihu. Da ya ɗago muka haɗa ido."

Can gaba Brenton yana rera waƙa, idonsa a rufe, mutane suna amsawa.

"Ka gan shi? Pengo, ka gan shi, ka tsaya? Motar tana nan, ƙafarka lafiya lau! Me ya hana ka fitowa?"

"In na fito, dole ya dube ni ya faɗa da bakinsa. Na san shi tun yana fitsarin kwance, ba zai iya ba." Ya ɗaga kafaɗa. "Sai na tsaya na biya kuɗin shayina."

"To don Allah me ya zaunar da kai a bencin nan har la'asar, cikin wannan sanyi?"

Ya juyo ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Na ɗauka zai ce a juya."